Azumin Ciyaman

Tunga, Minna
3 ga Janairu, 2001

'Yata Phoebe,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, da barka da sabuwar shekara. Yaya karatu, yaya Samaru? Ina fata kina cin abinci, don na san halinku 'yan jami'a, ku jiƙa gari ku jefa ƙuli-ƙuli ku ce kun ci. Ni lafiya ƙalau, sai gwiwar hagu da ba ta shiri da safiya. Babanki, ƙanena, ya aiko mini da citta daga Kwoi. Mutumin da na goya a gidan kakarmu yana zuba mini majina a wuya, yau shi ne mai aiko mini da kaya.

Albishirinki. Goron ki ajiye mini sai kin zo. Ebenezer zai dawo. Wani sajan da suke bataliya ɗaya a Saliyo ya riga su isowa, ya neme ni har kasuwa, ya ce cikin watan gobe za a maido su gida. Phoebe, teburin kifin na bari a buɗe na shiga rawa a tsakiyar layi. Mata suka ɗauka taɓuwa na yi. Tun ranar bakina bai rufu ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin tuna ɗan muzurun da Ebenezer ya tsamo daga kwata a bayan gidanmu, wanda ya kai asibitin dabbobi aka fiɗiye shi don ya bar yawon faɗa? Wanda ya sa wa suna Ciyaman saboda ba ya zama ko'ina sai kujerar marigayi babansa. Ranar da zai tafi ya ɗora mini shi a cinya ya ce, "Mama, ga amanata." Duk wasiƙar da ya aiko daga can, ƙarshenta ɗaya ne: yaya Ciyaman. Ni da na haife shi ma layi biyu nake samu.

Ga hoto na sa miki a ciki, gani ya kori ji. Sai da mai hoton ya ja baya kafin Ciyaman ya shiga duka. Kan kifi ba ya yanke masa, mai kawo mini busasshen kifi daga Zungeru har ware masa nasa yake yi. Tuwo da miya yana ci, ƙosai yana ci, madara da safe, mahauci kuma yana ajiye masa kitse. Duk wanda ya shigo gidan nan sai ya ce, "Maman soja, kin iya riƙo." Ina so yaron nan ya shigo ya gan shi, ya san ban yi wasa da amanarsa ba.

Abu ɗaya ne ke ɓata mini rai. Ɓeraye sun mai da ɗakin kifina gidan ubansu, shi kuwa yana kwance yana kallonsu, kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Kujerar ma yanzu sai na ɗora shi. Bayansa ya yi dauɗa don harshensa ba ya kaiwa. Tun da karatun likitan dabbobi kike yi, ki aiko mini da maganin ƙarfin jiki ta hannun Sheshi direba, wanda zai kawo miki wannan. Kada ki ce sai kin gama, shekara nawa kina abu ɗaya.

Taki,
Magdalina Gaiya

*

Samaru, Zariya
7 ga Janairu, 2001

Mama,

Na gaishe ki da kyau, tare da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ina lafiya, kuma ina cin abinci, ba gari kaɗai ba. Labarin Yaya Ebenezer ya sa na yi tsalle a ɗaki har abokiyar kwanana ta tambaya ko sakamako ne ya fito. Allah ya kawo su lafiya.

Hoton kuwa ya zagaya ajinmu kaf. Wani ya rantse tunkiya ce. Na yi dariya har da hawaye, amma Mama ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba maganin ƙarfi Ciyaman yake buƙata ba. Ƙibar ce ciwon.

Da mu ma mun ɗauka kitse ajiya ce kawai, yana zaune shiru a ƙarƙashin fata. Ashe ba haka ba ne. Kitse yana zuba sinadarai cikin jini, kuma idan ya yi yawa yana rikita sauran. Akwai wanda aikinsa ya gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. A jikin mai ƙiba irin wannan ƙwaƙwalwar takan daina sauraronsa, shi ya sa yana gama ci yake neman ƙari. Akwai kuma insulin, wanda masu ciwon suga ke yin allurarsa. Shi ke kwashe suga daga jini ya kai wa tsoka. Kitse ya yi yawa, sai jiki ya daina jin maganarsa, daga nan sai ciwon suga. Muzurun da aka fiɗiye ya fi kowa shiga wannan haɗari, don abincin da jikinsa ke ƙonawa ya ragu, kwaɗayinsa kuwa ya ƙaru. Ki lura mini: yana shan ruwa fiye da da? Tururuwa na taruwa inda ya yi fitsari?

Maganin ɗaya ne, a janye masa abinci. Tuwo, ƙosai, madara da kitsen mahauci duk ba nasa ba ne. Ai wannan kitsen da na gani a hoto kaɗai ya isa ya ciyar da shi har Ista.

Gobe da sassafe za mu fita rugage da malamanmu yin allurar shanu, kuma Sheshi yana ta danna mini oda a waje. Idan na dawo zan zauna in rubuto miki tsarin ciyar da shi dalla-dalla. Ki gaishe mini da Baba Tsado tela, maƙwabcinki.

'Yarki,
Phoebe

*

Tunga, Minna
15 ga Janairu, 2001

Likita Phoebe,

Yau da sunan aikinki na kira ki, don kin ci shi. Ina gaisuwa, ina fata shanu ba su harbe ki ba. Ni lafiya, har gwiwar ta manta da ni saboda hidima. Na sa an yi wa ɗakin Ebenezer fenti shuɗi, na sayi sabon labule, na kuma sa a kawo mini acca daga gida, don tun yana yaro ita ce abincinsa. Matan zumuntar majami'armu sun ce ranar da zai iso da ganguna za su zo.

Da na fara karanta wasiƙarki sai da na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba. A ce duk wahalar da na sha cuta na yi wa bawan Allah. Amma na sake karantawa, na kai wa Baba Tsado shagonsa na karanta masa. Da na zo inda kika ce kitsen jikinsa ya isa ya ciyar da shi har Ista, sai ya tsai da keken ɗinkin ya ce, "Likita ta gama magana. Da ma mage mai ƙoshi ba ta kama ɓera. Ki rufe kwano, yunwa za ta tuna masa sana'ar ubansa."

Sai abin ya zo daidai, don majami'armu ta shiga azumin sabuwar shekara. Na ce to Ciyaman, ni da kai ne. Ni ina buɗe baki da yamma, shi kuwa nasa ya fi nawa lada: ruwa kawai, in yana son nama ga ɓeraye nan a ɗakin kifi, ban hana shi ba. Da farko kam ya yi mini bore. Kuka, bin ƙafa, har tukunya ya so turewa. Na toshe kunne na ce ai umarnin likita ne.

Yanzu ki ji abin mamaki. Ya daina roƙo sam. Ina cin tuwona a gabansa ko kallona ba ya yi. Ya koma ƙarƙashin gado ya natsu kamar dattijon majami'a, kuma da na ɗaga shi jiya na ji ya rage nauyi. Ɓeran dai bai kama ba tukuna, amma na san yana shiri ne. Tambayarki kuma, ba ya shan ruwa da yawa, tururuwa ma ban gani ba.

Ina ta hango ranar, Phoebe. Ebenezer ya ajiye jaka, Ciyaman ya yi tsalle ɗaya ya hau kafaɗarsa kamar da. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki miji mai shanu.

Mamanki,
Magdalina

*

Tunga
19 ga Janairu

Phoebe,

Ina gaisuwa. Ni lafiya. Sheshi ya ce ya bar miki waccan wurin abokiyar kwananki, ba ki dawo ba. Shirun ya yi mini yawa.

Jiya tausayi ya kama ni na ce bari in ba shi ɗan kifi, ko mai azumi ai yana buɗe baki. Ya sunsuna ya kau da kai. Na kawo madara, ya kau da kai. Yawu yana zubo masa, kuma ya yi amai sau biyu, ruwa ne kawai mai kumfa. Baba Tsado ya ce fushi yake yi da ni, zai huce. Ni dai jikina bai ba ni ba. Ko haka abin yake yi kafin ya gyaru? Ki amsa mini ko layi ɗaya ne.

Magdalina

*

Samaru, Zariya
21 ga Janairu, 2001

Mama,

Ina gaisuwa, ina lafiya, sauran gaisuwar sai wani lokaci. Yanzu na sauka daga mota na tarar da wasiƙunki biyu tare. Ban ko cire takalmi ba. Na roƙi wani direba mai tashi yau ya kai miki wannan hannu da hannu.

Ki karya azumin nan yanzu. Ba gobe ba. Ki ajiye takardar nan ki ɗaga leɓensa ki duba dasashinsa, ki duba cikin kunnensa da farin idonsa. In kin ga ɗorawa-ɗorawa, hantarsa ce ta kamu. Ko kin gani ko ba ki gani ba, ki sa shi a kwando ki hau acaɓa zuwa asibitin dabbobi, ki nuna musu wannan.

Maganar Ista wasa nake yi, Mama. Laifina ne da na yi wasa da maganar magani, na kuma tafi ban ƙarasa ba. Na ce a janye abinci, nufina a rage kaɗan-kaɗan cikin watanni. Kare mai ƙiba zai iya jure yunwa ta ɗan lokaci, mage ba ta iyawa. Idan mage mai ƙiba ta daina ci, jikinta yakan kwaso kitsen nan gaba ɗaya ya tura wa hanta don a mai da shi ƙarfi. Hantar mage ba ta iya aikin da sauri haka, sai kitsen ya cika ta ya toshe. Daga nan tashin zuciya ya hana ta ci, rashin ci ya ƙara turo kitse. Shirun da ya yi ba natsuwa ba ce, ciwo ne.

Maganin shi ne abincin da aka hana shi, amma ba irin na da ba. Za su yi masa ƙarin ruwa, su ba ki sirinji marar allura. Ki dafa ɗanyen kifi ba gishiri ba albasa, ki cire ƙaya, ki dama da ƙwai dafaffe ya yi ruwa-ruwa. Ki riƙa ɗiga masa ta gefen baki, kaɗan, ki bari ya haɗiye. Kada ki ɗura. In ya kau da kai ki ƙyale shi, ki dawo an jima. Cikin da ya daɗe ba komai ba ya karɓar abu da yawa lokaci guda. Zai ɗauki makonni, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, wasu suna tashi, wasu ba sa tashi.

Ina jin tsoro, Mama, kuma ina jin kunyarki. Ki rubuto da duk motar da kika samu.

Phoebe

*

Tunga, Minna
2 ga Fabrairu, 2001

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki kwantar da hankalinki ki yi karatunki, yana nan da rai. Na fara da wannan don na san ba za ki karanta gaisuwar ba.

Da takardarki ta iso ina kasuwa. Na bar wa maƙwabciyata tebur na taho gida, gwiwar ma ban san inda take ba. Na ɗaga leɓensa na ga dasashin kamar an shafa kurkur. Garin gyaran gira na kusa tsone ido. Likitan da na samu ya karanta wasiƙarki yana gyaɗa kai, ya ce ɗalibar nan ta san abin da take yi, sai dai a gaya mata ba a wasa a takardar magani. Ya tsira masa ruwa a ƙarƙashin fata, ya auna fitsarinsa ya ce sugan bai kama shi ba tukuna, amma yana bakin ƙofa.

Kada ki ɗauki laifin ke kaɗai. Na ga wurin da kika ce za ki aiko da tsari, ɗoki ne ya hana ni jira. Kuma akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Duk ranar da rediyo ya ce an yi harbi a Saliyo, ba na iya cin abinci, sai in zuba wa Ciyaman nawa. A raina na ƙulla cewa muddin yana ci yana ƙiba, yarona ma yana can yana ci. Na san ba ya cikin Littafi, kuma da fasto zai ji da na sha wa'azi. Amma haka na yi ta yi. To ki duba halin da na shiga da na ga ya kwanta yana ƙin abinci, ga yaron yana hanya.

Kasuwa rabin yini nake yi yanzu. Ina zaune a tabarma da sirinji kamar mai jego. Ya tofar, in goge, in jira, in sake. Hannuna duk yakushi, kuma wallahi daɗin yakushin nake ji, don wanda ya kusa mutuwa ba ya yakushi. Baba Tsado ya kasa haɗa ido da ni, sai ga shi ya ɗinko wata 'yar riga ta yadi mai kauri da ake naɗe shi a ciki lokacin ba shi abinci. Ya ajiye ya tafi.

Shekaranjiya ina dama kifin na juya ɗauko ruwa, ina waigowa na ga ya sa baki a kwanon da kansa. Lasa uku ya yi ya koma ya kwanta. Na fita tsakar gida na yi guɗa, har yaran maƙwabta suka fito da gudu suna cewa soja ya dawo.

Aiko mini da tsarin nan. Wannan karon zan karanta har ƙasa, in kuma kika yi wasa ki ja layi a ƙarƙashinsa.

Mamanki,
Magdalina

*

Tunga, Minna
24 ga Fabrairu, 2001

Phoebe 'yata,

Ina gaishe ki da murna. Muna lafiya, kuma yau "mu" ɗin da gaske ne. Ebenezer ya iso ranar Talata da la'asar.

Matan zumunta sun cika alkawari, ganguna har bakin titi. Baba Tsado ya rufe shago. Na dafa acca, na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, na yanka kaji biyu, ga farfesun kifi. Da ya sauko daga mota na rungume shi, hannuna ya zagaye shi har ya yi saura. Yaron da ya tafi ƙofa tana yi masa kaɗan. Ƙafafunsa biyu, hannayensa biyu, ba ko ƙwarzane, na gode wa Allah. Amma ya rame, kuma da aka buga babbar ganga a bayansa na ga yadda ya zabura. Na yi wa matan ido suka sassauta.

Da mutane suka watse ya shiga falo ya tsaya yana dube-dube. Ciyaman na kan kujerar, fatar cikinsa tana reto, gashin wuya duk ya cuccure saboda sirinji. Ba abin da na shirya nuna masa ba ke nan. Na buɗe baki zan fara bayani, sai ya durƙusa ya miƙa masa yatsa. Muzurun ya sunsuna ya daɗe, sannan ya sauko a hankali ya hau cinyarsa. Ebenezer ya ce, "Kai ma ka sha wuya ko?" Ita ce doguwar maganar da ya yi ranar.

Na jera masa kwanuka a gaba. Ya yi loma biyu na acca ya ajiye cokali ya ce, "Mama, sai an jima." Kin san ni. Da da ne, da na tsaya a kansa da ludayi sai ya ga ƙasan kwano, da kuka da rantsuwa da "don wa na dafa". Maganar ta zo har bakina. Sai na kwashe kwanukan, na shiga kicin na yi kukana a can. Can an jima na dawo da ɗan romo a kofi na ajiye kusa da shi na fita. Da na leƙo ya sha rabi.

Haka muke yi tun ranar. Shi ya karɓi aikin Ciyaman, ya karanta tsarin da kika aiko, yana auna masa kifin da murfin kwalba yadda kika ce, ba ya ƙara ko tsinke. Na lura in ya zauna ba muzurun abinci, in na ajiye masa wani abu kaɗan a gefe, yakan ci bai sani ba. In na cika kwano ba ya taɓawa. Bai ba ni labarin can ba, ni ma ban tambaya ba.

Phoebe, na san na dabbobi kika karanta. Amma ki tambayar mini malamanku, ko wani a ɓangaren likitocin mutane, shi irin wannan makonni yake ɗauka ko watanni? Ba gaggawa nake yi ba, na bar gaggawa. So nake in san ko daidai nake yi.

Yanzu haka yana barci a tabarmar falo da rana tsaka, Ciyaman a ƙirjinsa. Na sauke tukunya na rufe. In ya tashi zan zuba masa kaɗan.

Ki zo mana Ista.

Mamanki,
Magdalina Gaiya